DARASI: WAIWAYE ADON TAFIYA, MU RUBUTA TARIHIN GIDAJENMU

Karatu: Nehemiya 7:61-65, Matiyu 1:1-17, Titus 3:9

A wani ƙauye da muke aiki, wata gwauruwa ta zo wurinmu da kuka. Wata 3 bayan rasuwar mijinta, maƙwabci ya ce rabin gonarsu aro ne daga kakansa. Da aka je gaban dagaci, aka tambayi ɗanta na fari sunan wanda ya sare gonar, bai sani ba. Abin da ya cece su wata tsohuwa ce da ta lissafa kakannin gidan har 4, ta nuna itacen ɗorawa da ke kan iyaka. Tsohuwar nan ta rasu bara. Da ta riga shari'ar tafiya, ina marayun nan za su yi noma?

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Sa'ad da Yahudawa suka komo daga bauta a Babila, an duba littafin asali. Waɗansu iyalan firistoci sun nemi sunayensu ba su samu ba, sai aka hana su aikin firist. Ba a ce sun yi ƙarya ba, shaida ce ba su da ita. Matiyu kuma ya soma Bishararsa da asalin Yesu, ya kasa shi kashi 3, kowane kashi tsara 14. A ciki har da mata irin su Tamar, Rahab da Rut, waɗanda wani zai so ya ɓoye. Allah bai ɓoye su ba.

Amfanin sanin asali

Na ɗaya, gado. Yawancin gonakinmu ba su da takarda, shaidar baki ce ke riƙe da su. Na biyu, aure: a ƙabilunmu da yawa ba a aure cikin dangi ɗaya, amma yaran da suka tashi a birni ba su san juna ba. Na uku, lafiya. In an ga gida yana yawan rasa jarirai, ko akwai masu ciwon sikila, samari da 'yan mata su yi gwajin jini kafin alkawari. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na haifar ɗa mai sikila.

Mu fara da tsofaffi

Kada a jira sai an yi rashi. Ka sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ka je wurin Baba ko Kaka da yamma bayan an dawo daga gona. Ka fara da kanka, ka koma baya: mahaifi, kaka, kakan kaka. Ka tambayi sunan gida da sunan baftisma, domin da yawa sun sāke suna da suka karɓi bangaskiya. Ka tambayi inda aka zauna kafin a zo nan, a kan dutse ne ko a wani kufai, da abin da ya tashe su. Kada ka manta da mata: gwaggo da inna sukan riƙe sunayen da maza suka manta. In tsoho ya yarda, ka ɗauki muryarsa da waya.

Tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba, amma sun san abin da ya faru. Sai a auna da sanannun abubuwa: annobar mura ta 1918, husufin rana na 1947, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yancin kai a 1960, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da fara UPE a 1976. In Kaka ta ce tana goyon babanka aka yi canjin kuɗi, ka kusa samun shekararsa.

Inda ake samun takardu

Ka soma da akwatin gida: katin baftisma, takardar aure, rasit ɗin haraji, katin asibiti, takardar sallama daga soja, da bangon tsohon Littafi Mai Tsarki inda iyayenmu kan rubuta ranar haihuwar yara.

Daga nan sai ofishin fasto. Mishan SIM ta iso a 1893, SUM ta sauka a Wase a 1904, CBM ta buɗe Garkida a 1923. Tsoffin tashoshin mishan sun riƙe rajistar baftisma, aure da makaranta. In ikkilisiyarku sabuwa ce, a nema a uwar ikkilisiyar da ta haife ta. Mai son zurfafa bincike ya je Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka ajiye rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta a kan gundumomi saboda haraji. Da wuya ka ga sunan kakanka a can, amma kana iya samun labarin ƙauyenku da masu sarautarsa. A kula: Bature yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, kuma tafinta ne ya faɗa masa. A gwada takarda da maganar tsofaffi, a kuma ji daga baki 2 ko 3.

Ajiya

Gara, ruwa da wuta ba su san darajar takarda ba. A rikicin 2014 majami'u da yawa sun ƙone a Borno da Adamawa, takardunsu tare da su. Saboda haka a sa littafin cikin leda a akwatin ƙarfe, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a aika wa ɗan'uwa a wani gari. Jariran yau kuma a yi musu rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Gargaɗi

Bincike yakan tono abin da ba a so: kakan da aka kama bawa, ko mai tsafi, ko wanda aka kora daga gari. Kada mu share shi, kada kuma mu yi wa wani gori da shi. Bulus ya gargaɗi Titus a kan gardamar asali marar amfani. Wanda zai yi binciken nan don ya ce wa maƙwabcinsa baƙo, gara ya bari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Kakanni nawa za ka iya lissafawa ta wajen uba, nawa ta wajen uwa?
2. Wane ne mafi tsufa a gidanku, yaushe za ka zauna da shi?
3. Ina rajistar ikkilisiyarmu take, wa ke lura da ita?

Aikin wannan wata: kowane gida ya rubuta tsara 3, a kawo ranar Lahadi ta ƙarshe. Matasa su taimaki waɗanda ba su iya rubutu ba. Ubangiji ya taimake mu, amin.