Agogon Jiki da Tuƙin Dare

Direbobin da ke ɗaukar rake daga Makarfi da Kudan, ko tumatir daga Ikara, sukan tashi da dare don gudun zafi. To, amma akwai agogo a ƙwaƙwalwar ɗan Adam wanda hasken rana ke daidaitawa kullum. Duhu na yi, sai ya sa jiki ya fitar da sinadarin melatonin mai jawo barci. Daga ƙarfe 2 zuwa asuba barcin ya fi rinjaye, kome ƙwarewar direba. Yakan yi gyangyaɗin daƙiƙa 3 bai sani ba, alhali mota mai gudun kilomita 60 a sa'a ta ci mita 50. Goro ɓoye gajiya kurum yake yi; wanda ya fara hamma, ya ratse ya kwanta.