DARASI NA 14: ZAMBAR ƊARI DA ARBA'IN DA HUƊU

Karatu: Ru'ya ta Yohanna 7:1-17, 14:1-5.

A ajinmu na Kurmin Sarki, cikin Suleja, wani dattijo ya ce an gaya masa mutum 144,000 kaɗai za su shiga sama, yana tsoro kada a ce wuri ya riga ya cika. Bari mu duba lissafin nan da hankali.

1. Yadda lissafin yake. A zamanin kuɗin wuri, keso ɗaya zambar 20 ne, 144,000 kuwa keso bakwai ke nan da zambar huɗu. Lamba ce cika, ba mara ba. Tana rabuwa daidai da kowace lamba daga 1 har 10, sai 7 kaɗai, wadda ta kan bar saura 3. Lambobin da ke raba ta ba saura 96 ne. Amma ginshiƙinta shi ne wannan: 12 sau 12 ya ba da 144, a kai shi sau 1,000.

2. Ƙidaya iri biyu. Sa'ad da Musa ya ƙidaya mayaƙan Isra'ila, Yahuda ta kai 74,600, Manassa kuwa 32,200, jimla 603,550 (Littafin Lissafi 1). Haka ƙidayar mutane takan fito, wata kabila ta fi wata. A cikin ru'yan nan kowace kabila 12,000 ce daidai. Ba a ambaci Dan ba, an kuma sa Yahuda a gaba da Ra'ubainu ɗan fari, gama daga Yahuda Almasihu ya fito. Wannan ya nuna mana lissafin alama ne.

3. Ma'anarsa. A sura 21 sabuwar Urushalima tana da ƙofofi 12 da sunayen kabilai, da tushe 12 da sunayen manzanni, ganuwarta kuwa kamu 144. Masanan Littafi da yawa suna ganin 12 sau 12 jama'ar Allah ce ta Tsohon Alkawari da ta Sabo, dubu kuwa cikakkiyar runduna. Waɗansu suna ɗauka Yahudawa ne masu ba da gaskiya. Ko wanne muka bi, aya ta 9 ta kawar da tsoro. Yohanna ya ji lissafin da kunne, da ya duba kuwa sai ga taro wanda ba mai iya ƙidayawa, daga kowace al'umma da harshe. Bahaushe da Gbagyi da Koro suna da wuri a ciki. Abin da ya kai su wurin shi ne jinin Ɗan Rago (aya 14). Allah ya san adadin nasa, ba ɗaya da za ya ɓace masa.

Tambayoyi:
(a) Ina bambancin ƙidayar Musa da ta ru'yan nan?
(b) Da me aka wanke rigunan taron?
(c) Me za ka amsa wa dattijon nan?

Aya ta haddacewa: Yohanna 6:37.