Tsohon Tikitin Jirgin Ƙasa a Matsayin Madogarar Tarihi da Harshe

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sukan dogara da littattafai da bayanan baka, amma akwai ƙananan takardu da ke ɗauke da hujja mai ƙarfi. Daga cikinsu akwai tsohon tikitin fasinja na jirgin ƙasa, wanda wasu ke tarawa kamar yadda ake tara kan sarki.

2.0 Asalin Tikitin Kwali

Thomas Edmondson, wani shugaban tasha a arewacin Ingila, shi ne ya ƙirƙiro tikitin kwali a ƙarshen shekarun 1830. Tsawonsa bai kai santimita 6 ba. Ana buga masa lamba a jere, sannan a danna masa kwanan wata lokacin sayarwa, domin a toshe kafar sata a wurin karɓar kuɗi. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ba ta daina amfani da shi ba sai a 1990.

3.0 Abin da Tikiti ke Bayyanawa

Tikiti yana nuna tashar tashi da ta sauka, da ajin tarago, da kuɗin mota. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos kuwa an rufe shi a 1957, don haka tikitinsa shaida ne na hanyar da ta riga ta ɓace. Haka nan, wanda ke ɗauke da farashi a sule ya girmi 1973, shekarar da naira ta fara aiki.

Ta fuskar harshe, tikiti yana nuna yadda Turawa suka rubuta sunayen garuruwa, kamar "Zaria" maimakon Zariya. Yana kuma buɗe ƙofar darasi kan kalmomin aro irin su tasha da reluwe da fasinja da tikiti kansa.

4.0 Kammalawa

Yawancin tikitoci ana karɓe su a ƙarshen tafiya a lalata, waɗanda suka tsira kuma gara da danshi na cinye su. Malamin da ya samu ɗaya ya adana shi a busasshen wuri, ya rubuta inda ya fito, domin tikitin da ba a san asalinsa ba hujjarsa tana raguwa.

Auna Fahimta

1. Ta yaya farashi zai taimaka wajen gano shekarun tikiti?
2. Kawo kalmomin aro biyar da suka shafi jirgin ƙasa.