Yadda ƙungiyar manoma take hango abin da ke tafe a Madawa, Buza da Keita

A watannin Maris da Afrilu, idan aka tone albasa a kwarin Tarka, buhuna kan cika bakin hanya daga Sabon Gida har Madawa, farashi kuma ya faɗi warwas. Kowane mai garka ya san cewa kafin ƙarshen shekara buhun nan zai ninka kuɗinsa. Duk da haka yakan sayar a Afrilu, domin bashin taki da na man injin ban ruwa sun shaƙe masa wuya. Manomin wannan yanki na Adar bai rasa sani ba. Abin da yake rasawa shi ne hanyar mayar da saninsa shiri tun da sauran lokaci, kuma wannan ne babban aikin da ya sa ake kafa ƙungiya.

Aikin yana farawa da tara labari, kuma mafi yawansa yana bakin 'yan ƙungiyar. Da wuya a sami gida a Buza ko Keita wanda ba shi da ɗan bida a Abijan, Akara, Legas ko Libiya. Direban da ya kai albasa Kumasi ya ga yawan shingen da ke hanya da abin da aka karɓa a kowanne. Ɗan uwan da ke kasuwar Abijan shi ne zai fara ganin albasar Holand ta sauka daga jirgin ruwa. Labaran nan sukan ƙare a hirar bakin masallaci. Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan ɗora wa mutum biyu ko uku nauyin bin su ta waya kowane mako, su haɗa da farashin da hukumar SIMA take tattarawa a kasuwannin ƙasar da bayanan da haɗakar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, da zauren manoman jihar Tawa suke aikawa, sannan magatakarda ya rubuta a littafi guda: rana, kasuwa, kuɗin buhu, kuɗin tiyar hatsi, kuɗin litar mai, canjin naira da sefa.

Akwai layi guda a littafin da nake ganin ya fi sauran daraja, shi ne zurfin rijiya. A zaɓi rijiyoyi uku ko huɗu a garake daban-daban, a zura igiya mai ƙulli a farkon kowane wata, a rubuta inda ruwa ya tsaya. Shekara ɗaya ba ta nuna komai. Amma bayan shekara huɗu ko biyar, littafin zai faɗa ko ruwan ƙasa yana komawa inda yake bayan damina ko yana ja da baya sannu a hankali, a daidai lokacin da injunan ban ruwa suke ƙaruwa a kwarin. Ba a buƙatar kuɗin kowa don wannan awo, kuma ba wanda zai zo daga Yamai ya yi wa ƙauye shi kowane wata. Idan an samu ma'aunin ruwan sama aka kafa a makaranta ko gidan mai gari, sai a haɗa da shi.

Sai zama. Lokacinsa ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, an gama tonon albasa, 'yan bida sun fara dawowa sharar gona, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tare da hukumomin yanayi na yankin sun fitar da hasashen damina: ko za ta sauka da wuri, ko za a yi dogon fari a tsakiyarta, ko akwai barazanar ambaliya. Hasashen na faɗin yanki ne, ba na gonar wani ba, don haka akan ɗora shi a kan abin da dattawa suka lura da shi da abin da littafi ya nuna. Ina ba da shawara mata su fara zamansu su kaɗai, su zo da abin da suka tsayar. Su ne suke fara sanin rumbu ya yi ƙasa, su ne suke ganin yawan awakin da ake fitarwa kasuwa ba don biki ba.

A wannan zama ake aikin da ya fi wuya, wato rarrabe lalurar shekara da canjin da ya zo zama. Farin ɗango na 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, masifa ce da ta zo ta wuce. Rufe iyaka kuwa ya maimaitu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan takunkumin CEDEAO ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hanyar Benin ta toshe, motoci suka koma bi ta Burkina Faso. Abin da ya faru sau biyu cikin shekara biyar dole ya shiga lissafin kowace shekara. Haka janye tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023: shekara da shekaru garakan kusa da iyaka sun dogara da mai mai arha daga can, rana ɗaya lissafin ban ruwa ya sauya. Ƙungiyar da ta ɗauki wannan a matsayin abin da zai wuce ta ci gaba da jira. Wadda ta gane ya zo zama ta fara tambayar kuɗin mayar da inji kan gas da na famfo mai aiki da hasken rana.

Daga nan sai a ɗaure kowace alama da hukunci. Magana irin "Allah ya kawo mana damina mai albarka" addu'a ce mai kyau, kowa ya ce amin, sannan a zauna a tsayar: idan shuka ba ta kama ba har tsakiyar Yuli, za a raba irin gero mai saurin nuna kamar HKP da na wake, ga wanda zai sayo, ga kuɗin da za a taɓa. Idan tiyar hatsi ta kai kaza a kasuwar Tamaske ko Karofane, a buɗe bankin cimaka. Idan hanyar Akara da Abijan ta rufe, kashi kaza na albasa ya shiga rudu, wato rumbun ajiyar albasa, saura a nemi kasuwar Najeriya. Amfanin tsayar da wannan tun hankali yana kwance shi ne, ranar da abin ya auku ba sai an sake gardama ba, kuma ba a zargin shugaba da son kai.

Hukuncin da ba kuɗi a bayansa ba ya aiki. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disambar 2010, ta wajabta ware ajiya daga ribar shekara da kiran babban taro kowace shekara, kuma ƙungiyar da takardunta suka cika ce take iya tunkarar mai ba da lamuni. Ga hatsi da wake akwai jinginar amfanin gona da ake kira warantaj, wadda ta yaɗu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da taimakon FAO: a zuba kaya a sito lokacin kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun asusun lamuni, a karɓi kuɗi a yi noman rani, a buɗe idan farashi ya tashi. Albasa ba ta da wannan haƙuri, tana ruɓewa tana rage nauyi, don haka ajiyarta tana buƙatar rudu mai iska, da tsame ruɓaɓɓu akai-akai, da daina ban ruwa kwanaki kafin tono. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, yakan toshe ƙaramin bashin da ke tilasta sayarwa da wuri.

Wani shirin kuma sai an yi shekaru kafin a ci moriyarsa, kuma yankin nan ya taɓa yin irinsa. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, cikin gundumar Buza, don kare gero daga iska. A 1984, cikin tsananin fari, aikin Keita ya fara da kuɗin Italiya da jagorancin FAO, aka gina madatsai da jerin duwatsu, aka dasa miliyoyin itatuwa, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Madatsa tana cika da yashi, jerin dutse yana rushewa, masu kawo aiki kuma suna da ranar tafiya. Saboda haka ya kamata kowace shekara ƙungiya ta sa ranakun gayya don gyara, ta rubuta wace ƙorama ce ta fara cin gefen garake.

Sabon abu kuwa, a gwada shi a ƙaramin fili tukuna. Tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa a faƙo don tare ruwa, ta yaɗu a Adar ne bayan wasu manoman Illela sun ziyarci Yatenga a Burkina Faso a 1989, suka dawo suka gwada a 'yan gonaki, maƙwabta suka ga gero ya tsaya a faƙo suka kwaikwaya. Famfon hasken rana ko sabon irin albasa ma haka ya dace a yi musu: garka biyu, lissafi a rubuce, shekara guda. A zaman Afrilu mai zuwa magatakarda ya buɗe littafi ya karanta abin da aka tsayar bara, abin da aka aikata da wanda aka bari, sannan mai garkar gwaji ya tashi ya faɗi kuɗin da ya kashe da buhun da ya samu.