Mu Tattala Ruwa Tun Gulbi Bai Ja Ba

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, zama kusa da gulbi kan sa mu ɗauka ruwa ba ya ƙarewa. Amma a 2018 ruwan madatsar Goronyo ya ja ƙwarai, har mutanen Sakkwato suka ji a jikinsu.

Manomin albasa, ka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma. Na tsakar rana zafi ke shanyewa. Fangali na cika, kashe injin. Kada ka wanke tankin feshin maganin ƙwari a bakin gulbi, can ƙasa wani na ɗibar na sha.

Uwargida, ruwan wankin shinkafa a zuba wa zogale. Kuma don Allah a bar itatuwan gaɓa: saiwarsu ke riƙe yashin da ke gangarowa ya cike dam.