Me Za a Zo Nema a Ƙofarka?

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya min wata huɗu ke nan da dawowarka daga bautar ƙasa, kuma kullum da safe sai ka zura riga mai guga ka fita, da yamma ka dawo da sabuwar shawara. Makon jiya jarin buɗe shagon POS kake nema. Shekaranjiya wani ya yi maka alkawarin aikin kwastan. Jiya kuma wai Aliero za ka koma ka yi digiri na biyu. Ban ga aibun ko ɗaya ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, da ta tambaye ka wanne kake so a ciki, cewa ka yi duk wanda ya fara faɗowa.

Amsar da na ba kakanka ke nan ina kamar shekarunka. Na koyar a firamare, albashi ya yi min kaɗan, na bari. Na shiga fataucin hatsi, na fara gane kan buhu da mudu, sai aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, na ji ana rabon kwangila a Birnin Kebbi, na karyar da kaya na bi ayari. Daga nan sai siyasa. Alhamdulillahi, a kowanne na ci abinci, ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma yau ka shiga kasuwar Jega ka tambaya me Baffanka ya iya, za a ɗan yi shiru, sannan a ce ai mutumin kirki ne.

Ka dubi masu ɗorin Aliero. Ana ɗauko mai karaya daga uwa duniya, a wuce garuruwa da yawa, a sauke shi a zauren mutumin da ba shi da ko allon talla. Tun yana yaro yake riƙe wa ubansa ƙafar majinyaci, yana miƙo kara da tsumma, har hannunsa ya san ƙashi. Ba cewa nake a bar asibiti ba, kai ma ka san ni da son likita. Tambaya ɗaya nake so ka ɗauka daga wurinsu: nan da shekara goma sha biyar, in Allah ya kai mu, idan baƙo ya yi sallama a Jega Magaji yana neman gidanka, me ya zo nema?

Kada ka ce min kuɗi. Kowa na son kuɗi, har mai ɗorin. Kada kuma ka ce babban mutum. Farfesa Attahiru Jega ɗan garin nan ne, ka san shi da shugabancin hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Kafin nan fa? Malamin kimiyyar siyasa ne a Jami'ar Bayero ta Kano, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i daga 1988 zuwa 1994, lokacin da ja da soja ba wasa ba ne, sannan ya zama shugaban jami'ar a 2005. Kujerun sun yi ta sauyawa, amma hanyar ɗaya ce, kuma a kanta kowace kujera ta tarar da shi.

To, kai noma ka karanta, a jami'ar da aka kafa a 2006 a tsakiyar ƙasar albasa. Ka sha wuce manoman nan a kan kabu-kabu, ban sani ba ko ka taɓa tsayawa. Mai albasa yakan yafa iri, ya yi makonni yana rainonsa kafin dashe, sannan ya shafe watanni yana ban ruwa. Ranar da ya cire, ranar ce kowa ya cire, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Wanda bashi ya shaƙe shi nan take zai sayar. Wanda ya yi lissafi tun ranar yafi sai ya jera ta a rudu, ya jira ta yi daraja. Can ma ba hutu ba ne: yana shiga yana juyawa, yana tsince wadda ta fara laushi kafin ta shafi 'yan uwanta, warin ruɓaɓɓiya na bugun hancinsa, kuma duk da haka wani kaso mai yawa sai ya tafi juji. Shekara da shekaru ana wannan asara a ƙofar makarantarku.

A ce, misali, ka ƙudurta kai ne za ka zama mutumin da ake nema idan ana maganar adana albasa daga Aliero har Maiyama. Nan da nan shawarwarinka uku za su jeru da kansu. POS ya zama hanyar tara jari na shekara biyu, ba wurin tsufa ba. Digiri na biyu ya yi amfani idan a kan ajiyar za ka yi binciken, ba don a ƙara maka haruffa a bayan suna ba. Kwastan kuwa, ko ya samu, ka san ɗauke ka zai yi daga hanya, sai ka auna da idonka a buɗe. Ba zaɓa maka nake ba. Wataƙila zuciyarka na wajen koyarwa, ko shinkafar fadama, ko ma kwastan ɗin da gaske. In haka ne, ka faɗa da bakinka, mu taya ka da addu'a da abin da ya sawwaƙa. Taura biyu dai ba ta taunuwa, balle uku.

Na san za ka ce arziki na Allah ne, kuma ƙasar nan ba ta barin mutum ya yi tsari. Gaskiya ne, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai dai wanda ya hango ta, ko hanya ta karkata da shi, ya san inda zai mai da fuska.

Ka yi istihara. Ka je ka wuni biyu a gindin rudun wani manomi, ka yi tambaya, ka rage surutu. Sannan ka samu takarda ka rubuta amsar tambayata a layi ɗaya, a ƙarƙashinta ka sa abin da za ka yi bana saboda ita. Ranar Juma'a bayan an sauko ina zaure, ka zo min da ita. Ka gaishe min da mahaifiyarka.