Hukuncin Ɓarnar Da Ke Samun Mota Wajen Ja: Wa Ke Da Lamuni?

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, wani bawan Allah ya same mu bayan sallar Juma'a da ɓacin rai. Ya aje motarsa a bakin kasuwa inda aka hana tsayawa, janwe ta zo ta ɗauke ta. Da ya biya tara ya karɓo ta, sai ya tarar giya ba ta shiga. Makanike ya ce masa akwatin giya ya lalace. Mai janwe ya ce shi umurni aka ba shi, mai mota kuma ya rantse lafiya lau ya bar ta. Muka ga ya kamata mu yi darasi a kan wannan, domin dukiyar mutane ce, kuma har a gaban Allah za a yi maganarta.

Malami ba ya hukunci a kan abin da bai san siffarsa ba, don haka mu fara da yadda ake jan. Motar da aka aje tana da ƙulli biyu: birkin hannu, wanda yawanci ke riƙe tayoyin baya, da kuma giya, wadda ke riƙe tayoyin da inji ke juyawa. A mota irin Peugeot 504 tayoyin baya ne inji ke juyawa, a mafi yawan Toyota Corolla kuwa na gaba ne. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a ɗaga tayoyin da inji ke juyawa, waɗanda suka rage a ƙasa kuma, in birki ya riƙe su, a ɗora su a kan ƴan ƙananan tayoyi da aka yi domin haka. Mafi aminci shi ne babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda ke ɗaukar motar dungum.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne mota mai canja giya da kanta. Idan aka bar ta a kan harafin P, akwai wani ɗan ƙarfe da ke sarƙe akwatin giya daga ciki, jan ta da ƙarfi yana iya karya shi. Ko da an saki giyar ma, injin ne ke tura mai cikin akwatin, in aka yi tafiya mai nisa da ita inji a kashe tayoyinta suna juyawa, sai ƙarafan su ci juna a bushe. Mota mai jan ƙafa huɗu kullum kuwa, ɗaga rabinta kaɗai ba ya kuɓutar da ita. Wannan ilimi wajibi ne a kan duk wanda ya riƙi ja sana'a, kuma jahiltarsa sakaci ne.

To, asali a mazhabar Imamu Malik shi ne, wanda ya ɓata dukiyar wani zai biya, da gangan ya yi ko bisa kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke biya. Sai dai hukuncin yana bambanta gwargwadon yadda motar ta shiga hannun mai ja.

Idan mai mota da kansa ya kira janwe, wannan ijara ce, mai ɗaukar kaya kuma amintacce ne. Ba ya lamuni sai ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kamar ya ɗaura sarƙa a inda ba a ɗaurawa, ko ya ɗaga ɓangaren da bai kamata ba. Amma in mai gareji ne ya ja ta zuwa wurinsa domin gyara, ta kwana a hannunsa mai ita ba ya nan, hukunci ya tsananta. Shehu Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo a cikin Risala cewa masu sana'a suna lamunin abin da suka keɓanta da shi, da lada suka yi aikin ko kyauta. Hikimar ita ce kada dukiyar jama'a ta riƙa salwanta a hannun waɗanda ba makawa sai an kai musu ita.

Idan hukuma ce ta sa aka ɗauke motar, a nan ne ƴan uwa ke ruɗewa, kowa yana riƙe rabin gaskiya. Hanya hakkin jama'a ce. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, kame cuta yana cikin hakkokin hanya. Wanda ya toshe ta da motarsa, ko da sallah ya je, ya cutar da mai kai mara lafiya asibiti da mai amalanke. Muna faɗin wannan da kunya, domin ƙofofin masallatanmu ranar Juma'a shaida ne a kanmu. Saboda haka ɗaukar motar halal ne ga hukuma, tara da kuɗin ja da na tsaro kuma suna kan mai ita. Ba baƙon abu ne gare mu ba: dabbar da ta yi ɓarna a gona ana kai ta garkar hukuma, mai ita ya biya ya karɓa.

Amma wanda ya kora saniya zuwa garka ba shi da izinin karya mata ƙafa. Umurnin da aka ba mai janwe na ɗauka ne, bai ƙunshi lalatawa ba. Abin da muka fi natsuwa da shi shi ne a raba ɓarnar gida biyu. Wadda ba makawa daga gare ta ko da gwani ne ya yi aikin, kamar ɗan gogewar taya lokacin da ake fitar da motar daga matsi, tana kan mai mota, tun da shi ya jawo. Wadda kuwa gwani zai iya kauce mata, kamar karyewar akwatin giya, tana kan mai ja, ko ma'aikatar da ta ɗauke shi aiki gwargwadon yarjejeniyarsu. Haka batir da tayar safiya da kayan da ke ciki amana ne a hannun mai tsaron garkar, in sun ɓace da sakacinsa zai biya.

Wanda ya ja motar maƙwabcinsa don ta tare masa ƙofa, ba da izinin mai ita ko na hukuma ba, duk abin da ya same ta yana kansa.

Yaya ake biya? Shehu Halil ya bambanta a cikin Muhtasar. In ɓarnar ta kawar da amfanin da ake nufi da abin, mai shi yana da zaɓi: ya karɓi ƙimarsa ya bar wa mai ɓarnar, ko ya riƙe abinsa ya karɓi abin da ya ragu. In ba ta kai haka ba, sai biyan tawayar kaɗai, bayan gyara. Misali, motar da ƙimarta miliyan 3 ce, aka gyara amma ba za ta saidu sama da miliyan 2 da rabi ba, mai ɓarna zai biya gyara, ya ƙara da rabin miliyan. Masana mota adilai ne ke ƙiyastawa.

Kada kuma wani ya dogara ga takardar inshora. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, inshorar da aka wajabta kuwa tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne, ba wadda aka yi wa taka ba.

Saura hujja. Mai da'awa shi ke kawo shaida, mai musu ya rantse. Muna shawartar masu janwe su ɗauki hoton motar ta kowane gefe da waya kafin su taɓa ta, mai mota kuma ya duba ta a gaban shaidu kafin ya fitar da ita daga garka. Wanda ya jingina wa mai ja tsohuwar lotsewa ya ci haram, ko alƙali ya ba shi gaskiya.

Akwai kuma jan igiya da muke gani a hanyar Maradi zuwa Damagaram. Inji a kashe, birki da sitiyari suna yin tauri. Risala ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai jan ta da mai kora ta da mahayinta, don haka in motar da ake ja ta kuɓuce ta buge wani, na gaba da na baya duk za a bincika su.

Shi kuwa mai tambayarmu, motarsa mai canja giya da kanta ce, makanikai biyu kuma sun shaida cewa karayar sabuwa ce. Mun ce masa tara tana kansa, gyara yana kan mai ja, ya tafi da shaidunsa a nemi sulhu kafin kotu. Wallahu a'alamu.